Prado ko Pajero: Wacce Ta Dace da Mai Iyali da Ke Bin Hanyar Burji?

Magidancin da iyalinsa suka kai mutum shida ko bakwai, kuma garinsu yake can inda kwalta ta ƙare, akwai ranar da zai gaji da ƙaramar mota. Damina ta sauka, hanya ta zama taɓo, cikin mota yana ta dukan ƙasa, yara kuma a cushe a baya. Daga nan sai a fara zancen jif. In ka zauna da dillalai a Kano ko Kaduna ko Abuja ka ce kana son jif mai shiga daji da gaske, wadda kuma za ta kwashe iyali, sunaye biyu ne ba sa ɓacewa a bakinsu: Toyota Land Cruiser Prado da Mitsubishi Pajero. Su Highlander da Pilot ba sa cikin wannan lissafi. Suna da siffar jif da faɗin ciki, amma ba su da ƙaramar giyar ƙarfin nan da direbobi ke kira ogziliyari, ita ce kuwa ke fitar da mota daga laka da rairayi.

Prado ɗin da ake magana a nan ita ce samfurin J150, wadda aka fara ƙerawa a 2009 har sabuwar J250 ta fito a 2023. Pajero kuwa ita ce zubi na huɗu, daga 2006 zuwa 2021. Kada a haɗa ta da Pajero Sport. Wannan wata mota ce dabam da aka ɗora a kan ƙashin a-kori-kura L200.

Bambancin farko yana ƙarƙashin motar, inda mai saye ba ya cika leƙawa. Prado tana kan tsohon tsari: akwai cesis na ƙarfe mai kama da tsani, bodi kuma a kansa aka ɗaure shi. Tayoyinta na baya suna kan aksul guda ɗaya, sanda ɗaya mai ƙarfi daga wannan gefe zuwa wancan. Mitsubishi ta bar wannan tsari a Pajero tun 1999. Ta haɗe cesis da bodi suka zama abu guda, ta kuma sa kowace taya tana hawa da sauka ita kaɗai, gaba da baya. Wannan bambancin shi ne uwar kusan duk abin da direba zai ji a hannunsa.

A kan kwalta da burji mai gargada, inda ake gudu, Pajero ta fi zama daram. Ba ta cika tangaɗi a kwana ba, sitiyarinta kuma yana amsa hannu kamar na ƙaramar mota. Sai dai ta fi shigo da ƙarar hanya da ta inji cikin ɗaki, kuma a tafiyar sannu a kan ramuka ta fi bugun ƙugu. Prado ta fi laushi da shiru, tsofaffi da masu ciwon baya sun fi son ta, amma laushin nan yana zuwa da jirkicewa in aka shiga kwana da gudu. Wannan ba zancen baki ba ne kawai. A watan Afrilun 2010 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta gargaɗi jama'a game da Lexus GX 460, wadda Prado ce a cikin babbar riga, saboda yadda bayanta ke zamewa a kwana, har Toyota ta kira motocin, da wasu Prado a ciki, ta gyara manhajar da ke hana su zamewa. An magance matsalar, amma darasin yana nan: doguwar mota mai nauyin fiye da tan biyu ba a shiga kwana da ita yadda ake shiga da Corolla.

In hanya ta lalace sosai, kwazazzabo ne ko duwatsu ko inda ruwa ya zaizaye gefe ɗaya, lissafin yakan juya. Aksul guda na Prado yana sa in taya ɗaya ta hau tudu, ɗayar ta danna ƙasa, don haka tayoyin sun fi daɗewa suna riƙe da ƙasa. Pajero ta fi saurin ɗaga ƙafa sama, sai na'urarta ta kama birkin tayar da ke juyawa a iska ta tura ƙarfi ga mai riƙe da ƙasa. Tana fita, amma da ƙara da ƙoƙari. Haka nan in aka yi lodi mai nauyi a baya, buhunan hatsi da mutane, bayan Pajero yakan zauna har tayoyin su ɗan buɗe, su riƙa cinyewa ta ciki. Aksul guda bai san wannan ba.

Wajen tura ƙarfi ga tayoyi kuwa, Mitsubishi ce ta fi wayo. Tsarinta mai suna Super Select yana ba direba zaɓi huɗu. Akwai 2H, inda tayoyin baya kaɗai ke ja, don kwalta a lokacin rani. Akwai 4H, tayoyi huɗu na ja kuma ana iya tafiya da shi a kan kwalta ba tare da an cutar da komai ba, abin da ake so ke nan in ruwa ya tsuge a hanyar Jos ko Kafanchan. Sai 4HLc don rairayi da taɓo, sannan 4LLc, ogziliyarin kansa. Ana iya sauyawa tsakanin na farko da na biyu mota tana tafiya, muddin ba a wuce kilomita 100 a awa ba. Yawancin Prado J150 kuwa tayoyi huɗun suna ja kullum, direba ba ruwansa. Abin da zai yi kawai shi ne kulle giyar tsakiya, mai raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya, ko shiga ƙaramar giya in wuri ya yi wuya. Ga gidan da uwargida ko yaro matashi ko direban haya zai riƙa karɓar makulli, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne, domin da yawa daga cikin ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan motoci daga rashin sanin maɓalli take tasowa: a kulle tsakiya a daji, a manta, a hau kwalta a yi ta gudu.

Masu son Pajero ba sa zama ba su kawo zancen gasar tseren motoci ta Dakar ba. Suna da gaskiyarsu: sau 12 ta lashe gasar, na farko a 1985, sannan bakwai a jere daga 2001 zuwa 2007, kuma a shekarun baya gasar takan ratsa Agadas da hamadar Tenere. Amma motocin tseren nan na shekarun ƙarshe suna kawai suka haɗa da wadda ke gaban dillali. Wanda kuma ya tsaya a tashar Agadas yau ya duba motocin kat-kat, wato masu ja da tayoyi huɗu, da ke shiga sahara da mutane da kaya, Toyota zai gani, Hilux da Land Cruiser. Dalilin haka ne ya kamata mai saye ya tsaya ya yi tunani a kansa.

Gaskiyar magana, ƙarfin shiga daji na motocin nan biyu ya wuce buƙatar mafi yawan iyalai. Rairayin Yusufari da Machina, baƙar lakar Dikwa da Gamboru in ruwa ya sauka, fadamun Haɗejiya da Nguru, hawan Mambila daga Serti zuwa Gembu: duk inda ɗaya za ta bi, ɗayar ma za ta bi, in tayoyi na da kyau kuma direba ya san aikinsa. A rairayi, rage iskar taya ya fi sunan kamfani amfani. A laka kuwa, Prado mai suɗaɗɗun tayoyi za ta kafe a inda tsohuwar Pajero mai tayoyi masu haƙora za ta wuce. Don haka abin da zai raba gardama yana wani wuri: inji, mai, da wanda zai gyara.

Prado da ke yawo a hanyoyinmu mafi yawansu injin fetur mai lita 2.7 gare su, fulogi huɗu, wanda Toyota ke kira 2TR-FE. Ƙarfinsa kusan doki 160 ne, ga motar da ta haura tan biyu tun kafin kowa ya shiga. Cika ta da mutum bakwai da kayan sallah, kunna esi, ka zo wuce tirela a hanyar Zariya, a nan za ka san inji ya yi mata kaɗan. Kafin 2015 ma mai otomatik giya huɗu kacal ke gare ta. Mutane suna sayenta da zaton fulogi huɗu ba ya shan mai, alhali injin da kullum ake take masa totur har ƙasa ba wani tanadi yake yi ba. To amma me ya sa ake rububinta? Domin injin nan shi ne a cikin Hilux da bas ɗin Hiace da ke kowace tasha. Babu garin da za ka je a rasa bakaniken da ya taɓa kwance shi. Sarƙa ce ke tafiyar da lokacinsa, wato daidaita motsin bawul da na fistin, ba bel ba, kuma yana jure fetur maras kyau da sakaci fiye da kima. Babbar yayarta ita ce mai lita 4.0, fulogi shida, 1GR-FE, ƙarfin doki ya haura 270, injin da ke cikin 4Runner da FJ Cruiser. Wannan ita ce Prado ɗin da ta dace da girman jikinta, kuɗinta kuma ya fi.

Pajero ta fetur duka fulogi shida ne: lita 3.0, 3.5 ko 3.8. Babban cikinsu yana da ƙarfin doki kusan 250. Injina ne masu ƙarko, amma akwai sharaɗi: bel ne ke tafiyar da lokacinsu, kuma ana sauya shi wajen kowane kilomita 90,000 zuwa 100,000, tare da famfon ruwa da abin da ke ɗame shi. In aka yi wasa ya tsinke mota na tafiya, fistin zai haɗu da bawul, inji ya tashi daga aiki. Wanda ya sayi Pajero 'yar Kwatano ko ta hannu, bai ga takardar ranar da aka sauya bel ba, ya ɗauka ba a sauya ba, ya sa kuɗin a cikin farashi tun kafin ya bar wurin ciniki.

Masu dizal magana ce dabam. Prado tana da lita 3.0, sannan 2.8 daga 2015. Pajero tana da 3.2. Sun fi ƙarfin ja a ƙaramin gudu, sun fi tanadin mai, tafiyar nesa kuma ba kamarsu. Sai dai nozul da famfonsu na zamani ne, ba sa yafe gas ɗin da aka gauraya da kananzir ko ruwa, gyaransu kuma kuɗi ne mai kauri. Waɗanda aka ƙera don Turai suna ɗauke da matatar hayaƙi da ke toshewa in tafiyar cikin gari ta yi yawa. Wanda ke da gidan mai da ya yarda da shi, kuma tafiyarsa doguwa ce, dizal ta dace da shi. Mai sayen gas a jarka a bakin hanya ya haƙura da ita.

Batun shan mai kuwa, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ya zama babban nauyi a kasafin gida. Tankin Prado lita 87 ne, na Pajero mai ƙofa biyar 88, wasu Prado masu safaya a ƙofar baya kuma suna da ƙaramin tanki na biyu da ke kai jimillar lita 150. A ƙaddara mota tana cin lita 13 a kowane kilomita 100. Zuwa Abuja daga Kano da dawowa, kusan kilomita 850, zai ci lita 110 ko fiye. Ninka da farashin lita na yau. A tsakanin masu fetur ɗin nan babu wadda za a ce ta tsira. 2H na Pajero yana ɗan ragewa, amma ba ragin da zai sauya ra'ayin mutum ba.

Yanzu ga inda Toyota ke cin kasuwa. Shiga Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tambayi shokozoba ko lagireto ko famfon mai na Prado. Za a jera maka sabo na asali, da na Beljiyam, da na China, ka zaɓi daidai aljihunka. Tambayi na Pajero: ƙananan kaya irin su matatar mai da takalmin birki akwai, amma babban abu sau da yawa sai an buga waya Ladipo a Legas, ko a jira saƙo daga Dubai. A babban birni wannan jinkirin kwana biyu ko uku ne. A Gembu ko Geidam ko Tanout, iyali ne a zube a bakin hanya. Ƙari a kan haka, Mitsubishi ta rufe masana'antar Pajero da ke lardin Gifu a Japan a 2021. Kayan gyara ba za su ɓace gobe ba, domin an sayar da motar da yawa a ƙasashen Larabawa da Ostireliya, kuma shekara 15 ana ƙera ta kusan a siffa ɗaya. Amma kowace shekara 'yan kasuwarmu za su ƙara rage ajiye kayanta a kan kanta.

Kasuwa ta san da haka, shi ya sa Pajero ta fi Prado sa'arta araha nesa ba kusa ba. A nan ne zaɓin gaskiya yake, domin ba kasafai mai saye ke zaɓa tsakanin motoci biyu masu shekara ɗaya da lafiya ɗaya ba. Kuɗin da ke hannunsa ɗaya ne. Ko dai ya sayi Pajero mai fulogi shida da ba ta tsufa ba, ko ya sayi Prado mai fulogi huɗu da ta girme ta da shekaru, ta kuma bi hannaye da yawa. Ni a ganina gajiyayyiyar Prado da aka saya don suna ita ce mafi munin ciniki a cikin duka. Araha da yawan kayan gyara ba sa hana mota lalacewa, suna dai sa a riƙa gyara ta da sauri.

Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu a kasuwar Prado. An sauya wa J150 fuska a 2013 da 2017, amma jikin bai canza ba. Sai masu sana'a su ɗauki ta 2010, su sa mata fitilu da bonet da bamba na sabon yayi, wani lokaci har da sitiyari da allon gaba, ta fito kamar ta 2020. In an faɗa wa mai saye, babu laifi. In ba a faɗa ba, zamba ce. Lambar cesis, da farantin da ke jikin ginshiƙin ƙofa, da ɗan ƙyallen da ke ƙasan bel ɗin kujera mai ɗauke da shekarar ƙira, su ne ke tona asiri. A lura kuma da inda motar ta fito. Ba a sayar da J150 a Amurka da sunan Prado ba, Pajero ma an daina kai ta can tun 2006, lokacin tana amsa sunan Montero. Don haka duka biyun daga Dubai da maƙwabtanta ko Turai suke zuwa, ko kuma ta hannun wani ce a nan gida. Waɗanda aka ƙera don Japan ko Ingila ko Ostireliya sitiyarinsu a dama yake, akan juya shi zuwa hagu kafin a sayar. Juyin nan yana taɓa wayoyi da birki da jakar iska ta kariya. Motar iyali ba wurin gwada sa'a ba ce da irin wannan.

Cikin ɗaki fa? Duka biyun ana tallarsu da kujera bakwai, amma layi na uku na yara ne. Na Pajero ƙarami ne, yana naɗewa ya shige ƙarƙashin but, ana ma iya cire shi ɗungurungum a sami rami na zuba kaya. Na Prado ya ɗan fi shi, babba zai iya jure tafiyar awa ɗaya, amma yana cin wurin kaya ko da an kwantar da shi. In mutum bakwai suka zauna, abin da ya rage a baya bai wuce wurin jaka biyu ba, sauran kaya sai rufin mota, wanda ke ƙara mata tsawo da son jirkicewa. A tabbatar akwai esi na baya mai aiki; a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, yaron da ke kujerar ƙarshe shi zai fara sanin babu. Sannan wata magana da dillali ba zai faɗa ba: in iyalin sun kai takwas kuma hanyar ƙauyen sau biyu ake bin ta a shekara, Sienna ta fi duka biyun dacewa, a riƙa ajiye ta inda kwalta ta ƙare.

Ba a kuma raina batun ido. Baƙar Prado ta zama tambarin ɗan siyasa da babban ma'aikaci. A wasu wurare hakan yana buɗe ƙofa, a wasu hanyoyi kuma yana jawo kallon da matafiyi da iyali ba ya so, ga ɓarayin mota sun san kayanta ba sa kwantai. Pajero ba ta da wannan kwarjini, ba ta kuma da wannan nauyi. Ranar sayarwa sai abin ya juya: Prado kuɗi ce a ajiye, in buƙata ta taso cikin mako za a rabu da ita, Pajero kuwa sai an jira mai sonta, shi ma da tayin wulaƙanci zai fara.

To wacce za a ɗauka? Wanda ke zaune nesa da babban birni, ko aikinsa na kai shi inda gareji ɗaya ne a gari, ko yana sauya mota duk bayan shekara uku, ya ɗauki Prado, kuma in da hali ya daure ya nemi mai lita 4.0. Wanda ke zaune a Kano ko Kaduna ko Abuja, yana da bakaniken da ya san Mitsubishi, tafiyarsa kwalta ce da burji, kuma niyyarsa ya riƙe motar har ta tsufa a hannunsa, Pajero za ta ba shi mota mai ƙarancin shekaru da ƙarfin inji a kan kuɗin da ba zai sayi Prado mai lafiya ba. Rarar kuɗin ya sauya bel, ya sa tayoyi huɗu sababbi iri ɗaya girma ɗaya, domin tayoyi mabambanta suna wahalar da giyar tsakiya a duka motocin.

Ko wacce ce, kafin a biya la'ada a ɗaga ta a kan rami a duba cikinta: tsatsa, walda a cesis, yoyon baƙin mai, yagaggun robobin aksul, da alamun dukan duwatsu. In Prado ce babbar aji mai jakar iska a baya maimakon sifirin, ko mai KDSS, tsarin da ke rage mata jirkicewa a kwana, a duba ko ta karkace gefe ɗaya in ta kwana a ajiye, don gyaran waɗannan ya fi ƙarfin ƙaramin gareji. Sannan a fita da ita kan ƙasa, ba kwalta ba, a shiga kowace giya ta daji ɗaya bayan ɗaya. Da yawa daga cikin motocin nan shekara goma suka yi a cikin gari ba wanda ya taɓa sa musu ogziliyari, har injin da ke shigar da shi ya sandare. A Pajero, in fitilar tsakiya a allon gaba ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, akwai matsala a maɓallan giyar ko bututun iskarta. Wani lokaci ƙaramin gyara ne, wani lokaci babba, amma a sa bakanike ya gano wanne ne tun kuɗi na aljihu.